Lamba Ɗaya, Wayoyi Uku: Da Wa Ake Sallama?

  Yau shirin zai leƙa ofis ne. Ba sai ofishin manya ba. Ƙaramin asibitin unguwa ma ofis ne. Haka otal, haka makarantar kuɗi, haka kantin magani mai sito a baya. Duk inda kuka ga waya girke a kan tebur, an manna mata 'yar takarda mai lamba uku, to da wurin ake.

Tambayar yau ita ce: lamba ɗaya za ta iya yin ƙara a waya biyu ko uku? Za ta iya. Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce, kuma kowace hanya da irin nata ciwon kan.

Mu fara da misali. Ku ɗauka wani ƙaramin asibiti ne, ƙarfe biyu na dare. Mai naƙuda ta galabaita. Nas ta ɗaga wayar ɗakin haihuwa, ta danna 105, lambar likita. Waya na ta ruri a ofis, fanka na juyawa, kujera ba kowa. Likitan na can ɗakin hutu, ƙofa uku tsakani, ya ɗan kishingiɗa. Sai da aka tura maigadi ya buga masa ƙofa.

Da gari ya waye, mai asibitin ya sa aka kira mai gyara. Ya ce, "Injiniya, so nake 105 ɗin nan ta riƙa ƙara a ofis, ta yi a ɗakin hutu, ta kuma yi a wayar hannunsa." Injiniya ya ajiye jakarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, zai yiwu. Amma likita ɗaya ne ke kwana kullum, ko karɓa-karɓa suke yi?"

Ku riƙe wannan tambaya ta Injiniya. Za mu dawo kanta.

Kashi na farko: mene ne ma lambar cikin gida?

Kowa ya san zaure. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Zai tsaya ya yi sallama, a sami yaro ya shiga ya ce, "Wai ana sallama da wane." Ƙofar gida ɗaya ce, amma ɗakuna da yawa. To, haka tsarin wayar ofis yake. Layin da ke zuwa daga kamfanin waya shi ne ƙofar gida. Akwatin da ke karɓar kira ya rarraba shi ne zaure da yaron aike a haɗe. Masu sana'ar na kiransa PBX, a ofisoshinmu kuma an fi cewa intakom. Lambobin nan gajeru, 101, 102, 105, su ne ɗakuna. Su shirin zai riƙa kira lambar cikin gida.

Da farko mutum ne ke aikin yaron aiken. A watan Janairun 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a garin New Haven na Amurka, da masu waya 21 kacal. Samari aka fara ɗauka aikin. A watan Satumba na wannan shekarar aka ɗauki Emma Nutt a birnin Boston, ta zama mace ta farko a sana'ar. Da hannu ake zare igiya a soka a wani rami, sannan magana ta haɗu. A 1891 wani mai sana'ar shirya jana'iza, Almon Strowger, ya sami rajistar mallakar wata na'ura da ke haɗa kira da kanta, ba tare da mutum mai haɗa kira ba.

Mu a nan, buƙata ce ta koya mana raba layi. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan NITEL da ke aiki a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sama da miliyan ɗari. Dattawan Kano ba su manta da 064 ba, na Kaduna ba su manta da 062 ba. Ofishin da ya samu layi ɗaya ya gode Allah, sai a nemi akwati a raba wa kowa. Har gobe za ku tarar da irin akwatunan Panasonic maƙale a bango, a bayan teburin karɓar baƙi. Samfurin KX-TES824, alal misali, yana farawa da layin waje uku da lambobin ciki takwas, ana iya faɗaɗa shi zuwa layi takwas da lambobi 24. A ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar da cewa zai daina wannan sana'a. Shi ya sa ofisoshi da dama ke komawa tsarin intanet, kuma a wajen wannan ƙaura ne tambayarmu ta yau ke yawan tasowa.

Kashi na biyu, masu sauraro: tsohuwar hanya.

Tsohuwar hanya ba ta da wuya. Igiyar jan ƙarfe ce mai sili biyu ta fito daga akwati zuwa waya. Sai mai gyara ya yi jone, ya ja wata igiyar zuwa ɗaki na biyu, ya sa wata wayar. Shi ke nan. An kira 105, duka biyun za su yi ƙara. Shi akwatin bai ma san an ƙara waya ba.

Arha gare ta, amma ku saurari abin da ke biye. Wayoyin nan biyu kunne ɗaya gare su. Manaja na magana da banki, wani ya ɗaga ta ɗaya ɗakin, zai ji komai tiryan-tiryan. Iyakar alamar da manaja zai samu ita ce wani ɗan ƙas a kunne, sai murya ta ɗan yi ƙasa. In a asibiti ne, sirrin mara lafiya ne ke yawo a igiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar da ta kira ta faɗi larurar da ba ta iya faɗa wa ko 'yar'uwarta ba, ba ta yarda mutum na uku ya ji ba.

A da, ƙauyukan Amurka sun daɗe suna irin wannan zama. Gidaje da yawa kan layi ɗaya, kowane gida da salon ƙararsa, wani doguwa biyu, wani doguwa da gajera. Kowa ya san kiran wa aka yi, kuma kowa na iya ɗagawa ya sha labari.

Sannan wayoyin da aka jona ba sa iya kiran junansu. Idan ɗaya na kan layi, ɗayar ba ta da layin fita. In kuma aka cika jone, ƙarfin wutar da ke kaɗa ƙararrawa zai rarrabu. Sai ƙara ta koma kamar kukan sauro, ko ta ɗauke gaba ɗaya. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Kashi na uku: wayoyin intanet. A nan za mu ɗan zauna, domin a nan aka fi yin tuntuɓe.

Wayar tebur ta zamani ƙaramar kwamfuta ce. Irin su Yealink, Grandstream da Cisco. Ba ramin da aka soka igiyarta ne ke ba ta lamba ba. Suna da kalmar sirri ake saka mata. Yaren da akasarinsu ke yi da akwati sunansa SIP, wato ƙa'idar buɗe kira da rufe shi ta intanet. An fara wallafa ƙa'idar a 1999, aka sabunta ta a 2002.

Ga yadda abin ke tafiya. Da an kunna wayar, sai ta aika wa akwati saƙo: "Ni ce 105, ga inda nake." Wannan shi ake kira rajista. Kuma ba sau ɗaya take yi ba. Lokaci-lokaci take maimaitawa, wani wurin duk awa ɗaya, wani wurin duk 'yan mintoci. Kamar ɗalibi ne da ke amsa kiran suna a aji. Akwati kuma na rubutawa a littafinsa: 105 tana wuri kaza.

To, me zai faru in waya biyu suka ce su ne 105?

Ya danganta da littafin akwatin. Wani akwatin gurbi ɗaya ya ware wa kowace lamba. Wayar ofis ta yi rajista, ya rubuta. Ta ɗakin hutu ta yi, ya goge ta farko ya rubuta ta biyu. Can ta ofis ta sake, ya sake gogewa. Wadda ta yi magana a ƙarshe ita ke da kira. Shi ya sa za ku ji ma'aikata na cewa, "Wayar nan aljanu gare ta. Da safe ta yi ƙara a nan, da rana a can." Abin da ya fi rikita mutane shi ne, duka biyun suna kira waje lafiya lau. Shigowar kira ce kawai ke wasan ɓuya.

A sake ji: in waya biyu masu lamba ɗaya suna fita amma ɗaya ce ke karɓa, ba igiya ba ce, ba kuma wayar ce ta lalace ba. Gurbin rajista ne bai isa ba. Kada a yi asarar kuɗi a sayo sabuwa.

Misali na zahiri shi ne Asterisk, manhajar akwatin waya ta kyauta da Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999 a garin Huntsville na jihar Alabama. A kanta aka gina FreePBX, wadda masu haɗa wa ƙananan ofisoshi waya ke yawan amfani da ita. Tsohon sashenta na SIP adireshi ɗaya yake riƙe wa kowace lamba. A 2013 aka shigo da sabon sashe mai suna PJSIP, wanda ke iya riƙe da yawa. Amma sai an gaya masa nawa. Akwai gurbin da ake rubuta adadin wayoyin da aka yarda su yi rajista da lamba ɗaya. In an bar shi a kan ɗaya, an koma gidan jiya. In wayoyi uku ne, a rubuta uku.

Idan an saita daidai, abin gwanin sha'awa ne. Kira ya shigo, akwati ya raba shi kamar reshen bishiya, duka wayoyin su ɗauki ƙara lokaci guda. Wanda ya riga ɗagawa shi ke da kira. Nan take akwati zai sallami sauran, su yi shiru. Kuma mai ɗaga ta biyu ba zai ji hirar ba, sai fa in da gangan aka buɗe masa damar kutsawa.

Wayar hannu ma na shiga wannan layi, ta hanyar manhaja. Sai dai a kula. Wayar hannu na son tattalin batir, takan sa manhajar barci. In ta yi barci, rajista ta yanke, kira ya wuce. A gwada ta bayan ta yi awa guda a aljihu, ba lokacin da take hannun Injiniya ba.

Kashi na huɗu. Yanzu mu koma ga tambayar Injiniya: likita ɗaya ne, ko karɓa-karɓa suke yi?

Abin da yake son sani shi ne, lambar nan ta wa ce? Ta mutum ce, ko ta aiki ce? Yaron da ya shiga gida ya ce "ana sallama da Malam Babba" ya san wanda yake nema, ko a turaka yake ko a barga. Wanda ya ce "ana sallama da mai sayar da ƙuli" kuwa, duk wanda ke kusa da faranti zai iya fitowa.

In lambar ta mutum ɗaya ce mai zama wuri biyu, to a ba shi lamba ɗaya a wayoyi da yawa. Shugaban makaranta mai ofis a sama da ofis a ƙasa, ga misali. Saƙonsa nasa ne, kiransa nasa ne. Babu rikici.

In kuwa ta aiki ce, wato mutane daban-daban ne ke amsawa, to kada a raba musu lamba ɗaya. A ba kowace waya lambarta. Sannan a ƙirƙiro wata lamba ta rukuni a ɗora a sama. Akawu uku, 201, 202, 203. Lambar sashen kuɗi kuma 600. Mai neman sashen ya danna 600, duka su yi ƙara. Mai neman akawu na biyu shi kaɗai ya danna 202. Kusan kowane akwati na iya wannan, har da tsofaffin na bango.

Wannan shiri ya fi karkata ga wannan hanya, kuma ga dalili. Wayoyi masu lamba daban na iya kiran juna. Suna iya miƙa wa juna kira. Kuma kowace na da suna a littafin akwati.

Rukunin ma iri biyu ne. Akwai wanda duka ke ƙara tare. Akwai wanda ke bi ɗaya bayan ɗaya: ta farko ta yi daƙiƙa goma sha biyar, ba a ɗauka ba, ya tsallaka ta biyu. Kada ku raina wannan zaɓi. Ku shiga ofishin da wayoyi biyar ke ruri tare, ku kalli fuskokin mutane. Wannan ya ɗago ya kalli wancan. Wancan ya sunkuyar da kai kan fayil. Kowa na jiran wani ya ɗauka, har kira ya katse. A can ɗaya gefen kuma wani bawan Allah ne tsaye a rana, katinsa na ƙonewa. Inda aka san da wanda ake fara sallama, an fi saurin amsawa. Ƙara tare ta fi dacewa da wurin gaggawa, inda daƙiƙa ke da tsada.

Sai tsarin oga da sakatariya. Wannan daban yake. A wayar sakatariya akwai maɓalli mai fitila da ke nuna layin oga. Fitila a kashe, layi a sake yake. Ta kama, oga na magana. Tana ƙiftawa, an jingine kira yana jira. Sakatariya ta ɗauka, ta ce, "Ɗan dakata, Alhaji," ta jingine kiran, ta sanar da oga, shi kuma ya danna maɓallinsa ya ci gaba. Dabarar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Wayoyin ofis na kamfanin Bell a Amurka, masu jerin maɓallai masu haske da jan maɓalli na jingine kira, haka suke aiki tun shekarun 1960. Na zamani kwaikwayonsu suka yi. Sai dai wannan tsari na buƙatar akwati da wayoyi su fahimci juna sosai, don haka a tambaya kafin a saya.

Akwai kuma akasin duk wannan: waya ɗaya, mutane da yawa. Mai aikin safe ya zo ya shigar da lambarsa, wayar ta zama tasa. Ya tashi ya fita, na dare ya shigar da tasa. Otal da cibiyoyin amsa kiran kwastomomi sun san daɗinta.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe: abin da mai gyara ba lallai ya faɗa muku ba.

Akwati na ajiye tarihin kira. Wa ya kira, wa aka kira, minti nawa. In mutum huɗu na amfani da 105, tarihin zai ce 105 ne kawai. Ƙarshen wata kuɗin waya ya yi tsalle, kowa ya ce ba shi ba ne. Kwastoma ya kawo ƙarar an yi masa tsawa a waya, ba a san wa za a kira ba. Saƙon murya ma wuri ɗaya yake shiga. Wani ya saurara ya manta bai faɗa ba, fitilar saƙo ta mutu a duka wayoyin, sauran su ɗauka babu komai.

Sai kalmar sirri. Lamba ɗaya a wayoyi huɗu na nufin sirri ɗaya a hannu huɗu. Ma'aikaci ya bar aiki da manhajar a wayarsa, in ba a canza ba, yana nan yana karɓar kiran ofis daga gida. Akwai kuma ɓarayin intanet da ba su da aiki sai laluben akwatunan waya masu raunin sirri. Sun fi son inda aka sa lamba 105, sirri ma 105. In suka shiga, sai su kwana suna buga ƙasashen waje, ofis ya biya.

Na gaba ya shafi rai. A watan Disambar 2013, a wani otal da ke garin Marshall na jihar Texas, an kai wa wata mata hari a ɗaki. 'Yarta mai shekara 9 ta buga 911, lambar gaggawa ta Amurka, har sau huɗu. Kiran bai fita ba, domin a wayar otal ɗin sai an fara danna 9 kafin a samu layin waje. Yarinyar ba ta sani ba. Matar ta rasu. Daga nan aka yi dokar da ake kira Dokar Kari, da sunan matar, aka sa mata hannu a 2018, ta fara aiki a Fabrairun 2020. Ta wajabta a iya buga lambar gaggawa kai tsaye daga irin waɗannan wayoyi. Wata dokar ta 2018 kuma ta buƙaci kiran ya tafi da bayanin wuri: wane gini, wane bene, wane ɗaki.

Ku dubi yadda wannan ya taɓa batunmu. Baƙo a otal ya kira teburin karɓar baƙi cikin dare, numfashi na sarƙe shi, ya kasa magana. Abin da ma'aikaci zai gani a fuskar waya lamba ce kawai. In lambar nan ɗaki biyu ke raba ta, wace ƙofa zai fasa? Saboda haka ɗakin kwanan baƙi, ɗakin marasa lafiya, ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin maigadi, kowanne da lambarsa shi kaɗai. Kada tsimi ya sa a haɗa su. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce. Ku tambayi mai kula da akwatinku yau: daga wayar tebur, tana fita kai tsaye, ko sai an danna wani abu?

Wuta kuma fa? Yawancin wayoyin intanet ta igiyar sadarwa suke shan wuta, daga na'urar da ke haɗa su. In an ɗauke wuta, na'urar ta mutu, duka wayoyin sun mutu tare, ko guda goma ne ke raba lamba. A ɗora akwati da wannan na'ura a kan inbata, kafin janareta ya tashi.

To, mu koma asibitinmu. Mai asibiti ya amsa wa Injiniya cewa likitoci uku ne, kwana bibbiyu suke yi. Injiniya ya gyaɗa kai. Bai taɓa 105 ba, ya bar wa ofis kayarsa. Ɗakin hutu ya ba shi 106. Kowane likita ya sa masa manhaja a wayar hannu da lambarsa ta kansa. Sannan ya buɗe 700, ya sa mata suna "Likitan dare": ofis da ɗakin hutu su yi ƙara tare, in an yi daƙiƙa ashirin ba a ɗauka ba, ta faɗa wayar mai kwana.

Bai tafi ba sai da ya gwada. Ya tsayar da nas a ɗakin haihuwa, ya ce, "Sista, danna 700." Ya tsaya a baranda yana jin ƙara biyu na tashi. Ya ɗaga ta ɗakin hutu, ta ofis ta yi shiru. Ya ce ta sake, wannan karon ba wanda ya taɓa, yana kallon agogo har aljihun likita ya ɗauki ruri. Ya sa aka kashe wutar ginin, aka sake gwadawa a kan inbata. Sannan ya ciro biro, ya rubuta 700 da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, ya manna a jikin wayar ɗakin haihuwa, daidai inda idon mai gaggawa zai fara sauka.

A nan shirin zai dasa aya.